Yadda Maharban Amurka Ke Ɗura Harsashin .45-70 da Hannunsu

A jihohin Alaska da Montana, watanni kafin a buɗe lokacin farauta, za ka tarar da maharbi zaune gaban teburin aikinsa, ma'auni a dama, kwanson harsashi jere a hagu. Ya san ba a fafe gora ranar tafiya. Dabbar da zai nema a dawa ba ƙarama ba ce: ko beyar, ko ɓaunar Amurka, ko mus, wato ƙatuwar barewar nan da ta kai doki tsayi. Harsashin da ya gaza a kan irin waɗannan yakan bar dabba da rauni ta mutu a wahale, wani lokacin kuma ya bar maharbin cikin haɗari. Shi ya sa da yawansu suka zaɓi su ɗura nasu da hannu, abin da dokar ƙasarsu ta yarda da shi in don amfanin kai ne. A Najeriya kuwa dokar makamai ta hana haɗa harsashi ba da izinin hukuma ba.

Harsashin da muke magana a kansa tsoho ne. Sojojin Amurka suka fara amfani da shi a 1873 cikin bindigar Springfield. Sunansa ma bayaninsa ne: 45 faɗin bakin bindiga, 70 kuma nauyin baƙin albarushin da ake zubawa a wancan zamani, a ma'aunin giren. Giren 7,000 ne ke yin laba ɗaya. Daga baya ya shiga bindigogin da ake ɗana su da jan mariƙi ƙasa a mayar sama, kamar Winchester 1886 da John Browning ya tsara, da Marlin 1895 da aka sake fitowa da ita a 1972.

Aikin yana farawa ne da littafi, ba da albarushi ba. Kamfanoni irin su Lyman da Hornady da Speer suna buga littattafan awo da aka gwada a ɗakin bincike, kuma sukan raba awon .45-70 gida uku: mai sauƙi don tsohuwar Springfield, matsakaici don Marlin da 'yan'uwanta, mai ƙarfi don Ruger No. 1. Kwanson iri ɗaya ne, duk zai shige kowace bindiga, amma ƙarfin ƙarfensu ya bambanta. Awon Ruger a cikin Springfield na iya tarwatsa ta a hannun mai ita. Don haka maharbi kan buɗe shafin bindigarsa ya bar shi a buɗe har ya gama.

Sai duba kwanso. Na tagulla ne, ana iya sake ɗura shi sau da dama. Ana wanke shi, a ɗaga kowane ɗaya a haske. Wanda bakinsa ya tsage ko gindinsa ya kumbura, a matse shi da filaya a jefar, kada ya sake komawa cikin masu kyau. Sauran a shafa musu ɗan mai a jiki, a sa a injin matsi da ke ɗaure a tebur. Injin yana da kawunan ƙarfe uku da ake murɗawa a samansa bi da bi. Na farko yana mayar da kwanson girmansa na asali, domin harbi yakan buɗa shi, yana kuma ture tsohon ƙyastu, wato ɗan murfin nan na gindi da ke tayar da wuta in an buge shi.

Bayan an goge man, a auna tsayi. Iyakar kwanson .45-70 inci 2.105 ne. Wanda ya zarce a rage shi, a kankare bakin ciki da waje, har duka su zo daidai wa daida. Kai na biyu yana ɗan buɗa bakin kwanson, gwargwadon yadda dalma, wato kan harsashin, za ta zauna ba tare da ta kankaru ba. Sannan a dasa sabon ƙyastu irin na manyan bindigogi, a hankali, da tabarau a ido, har ya ɗan nutse ƙasa da gindin kwanso. Maharbi kan shafa da yatsa. In ya ji tudu, bai zauna ba.

A wurin zuba albarushi ne ake rufe ƙofa, a kashe rediyo, a nisanci duk wata wuta. Gwangwani ɗaya tak ake ajiyewa a tebur, don kada a rikita iri da iri. An yi wannan kwanso da faɗi ne saboda baƙin albarushi na da, alhali na zamani marar hayaƙi ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, har wasu nau'o'insa ba sa cika rabin kwanson. Ke nan mutum na iya zuba awo biyu a kwanso ɗaya bai lura ba. Maganin abin shi ne a auna kowane zubi a ma'auni, a fara daga mafi ƙarancin abin da littafi ya faɗa, sannan a jera kwanson a haska su da tocila a ga tsayin albarushin ya zo ɗaya a cikinsu duka. Maharbin gargajiya mai bindigar toka yakan kimanta da tafin hannu. A nan kimantawa ba ta da wuri.

Zaɓen dalma shi ma yana da ƙa'idarsa. Faɗinta inci .458 ne, nauyinta kuma yakan kama daga giren 300 zuwa 500. Ta giren 405, wato kusan giram 26, ita ce ta asali. Masu neman beyar da ɓauna sun fi son mai nauyi da tauri, wadda za ta fasa ƙashin kafaɗa ta wuce zuwa huhu da zuciya. Kuma dole kanta ya zama shafaffe. Dalili kuwa, a bindiga mai mariƙi irin su Marlin da Winchester harsasai suna kwance ne a bututu ƙarƙashin hancinta, kan wannan a gindin wancan. In kan mai tsini ne, girgizar harbi na iya sa ya bugi ƙyastun na gabansa, bututun ya kama da wuta. Kamfanin Hornady ya fito da dalma mai tsinin roba mai laushi don kauce wa wannan, amma ita tana buƙatar kwanso da aka ƙara ragewa.

Kai na uku yana tura dalmar cikin kwanso har bakin ya kai tsagin da ke kewaye da jikinta, sannan ya lanƙwasa bakin ya cije tsagin. Wannan cizo yana da muhimmanci ƙwarai, domin in babu shi, bugun bindiga da matsin bututu za su dinga cusa dalmar ciki, wuri ya ƙuntata, ƙarfin fashewa ya hau. Tsayin harsashin gaba ɗaya kada ya wuce inci 2.550, in ba haka ba zai maƙale lokacin ɗanawa. Daga nan a rubuta a jikin akwati irin albarushi, nauyinsa, irin dalma da kwanan wata, a wanke hannu da sabulu saboda gubar dalma.

Ba a ɗura ɗari a tashin farko. Biyar-biyar ake yi, a kai filin gwaji, a harba a yadi 100, a duba yadda suka taru a allo da gudun da na'urar auna gudu ta nuna, a gwada da littafi. In mariƙi ya yi tauri wajen buɗewa, a tsaya nan take. Wannan harsashi ba na dogon zango ba ne, yana saurin sunkuyawa ƙasa, don haka maharbi mai hankali kan matso kusa kafin ya ja kunama.

Duk wannan aune-aune saboda daƙiƙa ɗaya ake yin sa. Wanda zai ɗauki ran dabba don cin nama, haƙƙinta ne a kansa ya yi shi da harbi ɗaya, ba azabtarwa. A kan tebur, gaban ma'auni, ake fara sauke wannan haƙƙi.