Logos: Kalmar Girkanci da Ta Iso Rumde ta Ƙofa Biyu

A Rumde ta Jimeta na taso. Maƙwabcinmu na zuwa majami'a ran Lahadi, kakana kuwa yana karantar da manyan almajirai a zaure. Sai da na fara nazarin fassara na gane cewa akwai kalmar Girkanci guda da ta shiga gidajen nan biyu, wato logos.

A Girkanci logos na nufin magana, tana kuma nufin hankali da hujja. Wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Heraklitus na Afisa ya kira tsarin da duniya ke gudana a kansa da wannan suna. Da aka rubuta Linjilar Yohanna da Girkanci, da ita aka buɗe littafin, ana nufin Almasihu. Nan Jastin, malamin Kirista da aka kashe a Roma wajen shekarar 165, ya sami madafa. A ganinsa, duk gaskiyar da irin su Sokratis suka gano, wani yanki ne na wannan logos. Tatuliyan na Kartaj bai lamunta ba, domin shi ya ɗauki falsafa tushen bidi'a.

Da aka buga Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, "Kalma" aka zaɓa. Ban ga laifin masu fassarar ba, amma rabin kayan ya zube a hanya: Bahaushe ba ya jin hankali ko hujja a cikin "kalma".

Ƙofa ta biyu ita ce ta zaure. Daga logos Girkawa suka samo sunan ilimin kafa hujja na Aristotil. A Bagadaza, Kiristoci masu jin Suriyanci, irin su Hunainu bin Ishaƙ (ya rasu 873) da ɗansa, na cikin waɗanda suka fassara littattafansa. Larabawa suka kira ilimin manɗiƙ, daga nuɗƙi, wato furuci. Ka ga su ma ɓangaren magana suka kama. Shi ne manɗiƙin da kakana ke biyawa a cikin Sullam, wanda mai Ahalarin nan namu na farilla da sunna ya rubuta.

Gardamar ma ta biyo kalmar. Suyuɗi na Masar ya haramta manɗiƙi, Magili kuwa, wanda ya zauna Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya mayar masa da martani cikin baitoci.