Amsar Tambaya: Risibar Sauti Daga Amurka

Tambaya: Na samu risibar sauti ta hannu, kirar Denon mai 5.1, da aka kawo daga Amurka. Mai shagon ya ce wat 1000 ce. In saya?

Amsa: Malam, kafin ka ciro kuɗi, juya bayanta ka karanta abin da aka rubuta kusa da wayar wuta. Yawancin kayan Amurka na wuta mai volt 120 ne, tamu kuwa 230 ce. Ka jona ta kai tsaye, ta ƙone nan take. Dole ka haɗa da taransifoma mai rage wuta wadda ta fi ƙarfin risibar, sannan sitabilaiza saboda hawa da saukar wutar NEPA da ta janareta.

Batun wat 1000 kuwa, zancen kasuwa ne. Sau da yawa lissafin ƙololuwa ne na ɗan lokaci, ko kuma an tara na dukkan lasifikoki. Risiba mai wat 80 a kowace kafa ta wadatar da falo. Abin da ya fi shafarka shi ne lasifikokinka su kasance ohm 6 zuwa 8.

A shagon, sa a kunna ta minti 30, ka saurari kowace kafa ita kaɗai, ka gwada kowane ramin HDMI, musamman mai ARC, don shi ke kawo sautin talabijin. Ka nemi ƙaramin makirufon da ke daidaita sauti da ɗaki. Galibi yakan ɓata a kayan hannu.

A gida kada ka rufe ta a kabad. Zafi na lalata ta, ƙurar hunturu kuma na toshe mata kafofin iska.