Darasin Kimiyya: Yadda Ake Gane Dangin Pitaya Ta Hanyar DNA

Pitaya, wadda a kasuwannin duniya ake kira dragon fruit, tsiro ce mai ƙaya mai hawa turke, daga dangin kaktus. Asalinta Meziko da Amurka ta Tsakiya, amma yau Biyetnam na cikin manyan masu nomanta. Akwai mai farin ciki, akwai mai jan ciki, akwai kuma mai ruwan ɗorawar ɓawo.

Ga inda matsalar take. Manoma ba su cika shuka ƙwayarta ba, reshe suke yanka su dasa, kamar yadda muke yi da rogo. Don haka duk gonar na iya zama kwafin uwa ɗaya. Iri guda kan samu sunaye uku a garuruwa uku, ido kuma ba ya rarrabewa, domin ƙasa da ruwa kan sauya kamannin tsiro.

Shi ya sa masana ke duba DNA. Su kan ciro shi daga reshe ko saiwa. Wannan matakin akwai wuya, saboda reshen yana da yauƙi kamar kuɓewa, yauƙin kuwa yana gurɓata samfurin. Daga nan sai na'urar PCR, dabarar da Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, ta riɓanya wasu 'yan sassa na DNA ɗin sau miliyoyi. Sassan da ake nema su ne alamomi, irin su SSR, inda gajeren jerin haruffan DNA ke maimaita kansa, yawan maimaicin kuma ya bambanta daga tsiro zuwa tsiro.

Sai a zuba su a kan jel a saki lantarki. Gajerun sassa su yi nisa, dogaye su tsaya baya, a ga layi-layi. Inda layi ya fito a rubuta 1, inda babu a rubuta 0. Tsirrai biyu masu layuka iri ɗaya 'yan uwan jini ne, ko ma tsiro guda.

Me manomi zai ci da wannan? Furen pitaya da dare yake buɗewa, dare ɗaya tak, kuma wasu irin ba sa 'ya'ya sai an kawo musu garin fure daga wani iri daban. Wanda ya dasa kwafi biyu yana zaton iri biyu ne, zai ga fure ya rasa 'ya'ya. Haka kuma cutar ruɓar reshe, wadda ta addabi gonaki a Biyetnam da Malesiya, ta fi saurin yaɗuwa inda tsirran duk jininsu ɗaya.