Amsoshin Tambayoyinku: Furen Hibiskus a Tukunya

Wata mai sauraronmu daga Garu a ƙaramar hukumar Illela ta ce gajeren hibiskus ɗin da ta dasa a tukunya yana zubar da fure tun bai buɗe ba. Me za ta yi?

To, Malama, wannan itace dangin zoɓo ne da rama, sai dai bai kai su jure ƙishi ba. Zafin Illela a watan Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, shi ke kaɗe furen. Ki ajiye shi inda zai sha hantsi, inuwa ta rufe shi daga azahar. Tukunyar ƙasa mai huji a gindi ta fi roba, don roba na dafa saiwa. Ki cakuɗa ƙasa da tsohon takin shanu, ban da ɗanye. Da bazara ki ba shi ruwa safe da yamma, da hunturu ki rage.

Idan ƙananan ƙwari sun manne a bayan ganye, ki fesa ruwan ganyen darbejiya da ɗan sabulu bayan la'asar. Furen da ya buɗe kuwa kwana ɗaya ko biyu yake yi, wannan ba ciwo ba ne.

Ki kuma killace shi, awaki ba sa raga masa.