Dalma Ba Ta Tsayawa a Tukunya

'Ya'yana samarin unguwar New Bell ta Douala, ku matso mu yi maganar dalma. Na san wasunku na tattara matattun batura daga gareji da hannun 'yan benskin, wato 'yan acaɓa, ku fasa, ku tuttular da ruwan batirin a kwata, ku ɗora dalmar a kan gawayi a tsakar gida. Wani ya kai wa masuntan kogin Wouri su yi wa taru nauyi, wani ya ajiye wa maharbi mai bindigar toka ya yi harsashi. Neman na kai ne, ban raina ba, ko da yake na harsashin nan ku bar shi, dokar Kamaru ba ta wasa da shi.

Dalma tana narkewa a zafin digiri 327, murhun gawayi ma ya ishe ta, shi ya sa aikin ke da daɗin shiga. Amma tokar da kuke kwashewa daga samanta ku watsar, da ƙurar da ke bin rigunanku, duk a ƙasar gidan suke zama, ba wari, ba alama. Gidajenmu a cushe suke, inda ka narka nan matar yayanka za ta hura wutar tuwo, nan jaririnta zai yi rarrafe yana kai hannu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro na tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar a kan na babba. Dalmar tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da nauyin fahimta har girmansa, mu kuwa mu yi ta dukansa a makarantar allo muna cewa ba ya ji.

A shekarar 2010, a Dareta da Yargalma da Bagega ta Zamfara, an riƙa niƙa dutsen zinare mai dalma a cikin gidaje, yara fiye da 400 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Kafin nan, a unguwar Thiaroye ta Dakar, yara 18 suka tafi tsakanin 2007 da 2008, su kam dalmar batir ce, irin taku.

Masu gwada ta da haƙori don su ji taushinta, don Allah ku daina. Karce ta da ƙusa ya isa. Kuma kada ɗigon ruwa ya shiga narkakkiyar dalma, ga damina irin ta Douala. Fantsama take yi har ido.

Shawarata, ku sayar da batir a rufe yadda kuka same shi, ko da ribar ta ragu. Wanda ya riga ya daɗe a aikin, ya raba kayan aiki da na gida, ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci. In yaro ya fara ciwon ciki, ko kasala, ko farfaɗiya, a kai shi asibiti, a faɗa wa likita sana'ar da ake yi a gidan, a nemi gwajin dalma a jini.