Littafin Unguwa: Aikin Masallaci da Coci Kafin Ambaliya da Bayanta

A daren da ya waye 10 ga Satumba 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri mutane suna barci. Ya mamaye Gwange, ya shiga babbar kasuwa, ya kai har fadar Shehun Borno. Ba wannan ne karo na farko ba, domin a 1994 ma ruwan Alau ya yi wa garin ɓarna. A faɗin Najeriya kuwa, ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363, ta 2022 ta kashe sama da 600. Ana cewa ruwa ba ya zaɓe, kuma gaskiya ne. Amma gudu yana zaɓe. Saurayi mai ƙarfi yakan haura katanga ya tsira. Wanda ake bari a baya shi ne tsohon da ƙafa ta ƙi, da makaho, da kurman da bai ji kururuwa ba, da mai jego, da bazawara mai 'ya'ya biyar da hannu biyu, da almajirin da ke kwana a zaure ba wanda ya ƙidaya shi. Waɗannan su ne masu rauni, kuma babu wanda ya san su kamar jama'ar masallaci da coci.

Dalilin a fili yake. Kowace shekara, tun kafin damina ta faɗi, hukumar hasashen yanayi NiMet takan fitar da bayanin yadda ruwan bana zai kasance, hukumar NIHSA kuma ta lissafa ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa. Wannan ilimi ne mai tsada, sai dai yakan tsaya a sunan ƙaramar hukuma. Bai san wace ƙofa ce ke ɓoye da mai shanyewar ɓarin jiki ba. Liman ya sani, domin shi ya raɗa sunan jikokin gidan, shi kuma ya lura ranar da maigidan ya daina fitowa sallar asuba. Fasto ya san wadda mijinta ya rasu bara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ban da sani, akwai murya. Masallaci yana tara mutane sau biyar a rana, ga Juma'a, coci ga Lahadi, ga lasifikar da ake ji har ƙarshen unguwa. Mutumin da zai yi watsi da sanarwar rediyo yakan tsaya ya saurara idan maganar ta fito daga bakin da yake bi salla.

To, amma sanin da ke cikin kan mutum ɗaya ba ya aiki da ƙarfe biyun dare. Sai an mai da shi rubutu. Littafi ɗaya na 'yan makaranta ya isa: sunan mai rauni, gidansa, abin da ke damunsa, maganin da yake sha, sannan sunan mutum biyu da suka ɗauki alkawarin zuwa su fito da shi. Mutum biyu, saboda ɗaya yana iya yin tafiya. Duk wanda ya koyi karatu da rubutu, ko da boko ko da ajami, zai iya riƙe wannan littafi. Kuma ba zai cika ba sai da mata, tunda yawancin gidajenmu "ba shiga" ne, namiji bai san halin da ake ciki a tsakar gida ba. Malaman Islamiyya mata, da 'yan FOMWAN, da Zumuntar Mata, da ungozoma, su ne suka san mai tsohon ciki da mai ɗanyen goyo. Bayan littafi, sai a tsai da tudun da za a nufa da hanyar da za a bi, a kuma shirya wata sanarwa ta daban da kowa zai gane ba kiran salla ba ce. A tuna wa mutane su ƙulle takardun gida da na gona da katin shaida a leda, a rataye a sama. 'Yan agajin Jama'atu da na Izala da na Fitiyanu, da matasan coci, waɗanda aka saba gani suna tsare hanya ranar taro, su jagoranci gayyar yashe kwata tun watan Mayu. Kada kuma a ɗauka cewa ɗakin ibada ba ya faɗuwa. A Agusta 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta kan masallata, a Satumba 2024 kuma ruwa ya rushe tsohon masallacin Damagaram. Ginin da za a tara mutane a ciki, a fara kiran magini ya duba shi.

Wani zai ce duk wannan ƙarancin tawakkali ne, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Amsar tana cikin addinin kansa. Musulmi da Kirista duk sun san labarin Annabi Yusuf: an sanar da shi shekara bakwai na yalwa da bakwai na fari, bai naɗe hannu ba, ya sa aka tara hatsi, Masar ta tsira har ta ciyar da maƙwabta. Sayyadina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'arsa, da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce. A hadisi kuma an umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Akwai wata magana da ta fi wannan ciwo, wato hawa mumbari bayan bala'i a ce zunubin mutanen gari ne ya jawo. Kiran tuba yana da wurinsa, amma matar da ruwa ya ƙwace wa yaro daga hannu ba hukunci take bukata a wannan mako ba. Kuma irin wannan wa'azi yakan rufe bakin masu tambayar wanda ya sayar da fili a kan hanyar ruwa.

Wani kuma zai ce ai aikin gwamnati ne, me ya sa za a ɗora wa talakawa? Yana da gaskiya rabi. Masallaci ba zai gyara madatsar ruwa ba, coci ba zai nome kachalar da ta toshe kogin Haɗejiya ba, kuma ba su ke magana da Kamaru kan sakin ruwan madatsar Lagdo ba. Wannan haƙƙin hukuma ne, kuma malamai da fastoci su ne suka fi kowa damar tunatar da masu mulki da babbar murya. Sai dai kafin motar hukumar agaji ta NEMA ko SEMA ta iso, an yi sa'o'i, wani wurin kwanaki, musamman idan gada ta karye. A cikin wannan tazara maƙwabci ne kaɗai yake nan. Littafin unguwa ma yana sauƙaƙa wa hukuma aiki, domin idan kayan agaji suka zo akwai sunayen da aka rubuta tun kafin kowa ya san za a raba wani abu.

Bayan ruwa ya janye, wahala ta biyu take farawa. Rijiya ta haɗu da masai, sai kwalara. Sanarwar bayan salla tana iya ceton rai: a tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu, mai gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari, wato ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a kuma garzaya da shi asibiti. Sannan sai doguwar tafiya, bayan 'yan jarida sun watse kuma manya sun gama jaje. Gona ta tafi da iri, rumbu ya jiƙe, bashin taki yana nan. A nan ne zakka da baiko suke da aiki. Amfanin gonar da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya bisa goma, na ban-ruwa ɗaya bisa ashirin, kuma matalauci da wanda bashi ya danne suna cikin masu haƙƙi. Idan garuruwan da suka tsira suka tura nasu ga waɗanda ruwa ya ci, a sayi iri na noman rani da kwanon rufi, ya fi buhun shinkafar da za ta ƙare a mako biyu.

Suka mafi nauyi ita ce ta son kai, kuma ba za a musa ta ba. An sha ganin rabo ya tsaya a sahun gaba, ɗan ɗariƙa ya tsallake ɗan Izala, ko akasin haka, balle wanda ba addini ɗaya ba. Maganinta shi ne a rubuta littafin bisa layi da lungu, gida bayan gida, ba bisa wanda ake gani a sahu ba, a kuma yi rabo gaban mai unguwa da shaidu daga kowane ɓangare. An taɓa yi a ƙasar nan. A 2014, da Boko Haram ta kori mutane daga Mubi da Michika da Madagali, cocin Katolika na Saint Theresa a Yola ya ba dubbai mafaka, Kirista da Musulmi. A 2021 Bishop Stephen Mamza ya buɗe wa waɗanda ba su iya komawa gida ba rukunin gidaje 86, a ciki har da masallaci. Saura batun rufin asiri, domin akwai dattijon da zai gwammace ya kwana da yunwa da a kira sunansa a lasifika. Saboda irinsa, littafin ya zauna a hannun mutum biyu ko uku amintattu, a kai masa kasonsa gida bayan magariba, kuma kada kowa ya ɗaga waya ya ɗauki hotonsa riƙe da buhu.