Yadda Malami Daga Gammo Zai Nemi Aikin Koyarwa a Ƙasashen Larabawa

Malamin da ke koyarwa a Gammo, ko a wata sakandare tsakanin Kabo da Gwarzo, da zarar an ambaci aiki a Saudiyya ko Dubai, abin da ke faɗo masa a rai shi ne biza da kuɗin jirgi da wani ejan a cikin birni da zai yi masa hanya. A harkar koyarwa biza ce ƙarshen zance, kuma makarantar da ta ɗauke ka ita ce za ta nemo ta da kuɗinta. Naka aikin a nan gida yake: takardu da gogewa, abin da zai ci wa mai himma shekara biyu ko uku.

Makarantun da nake nufi su ne na ƙasa da ƙasa da ke Riyad, Jidda, Doha, Dubai, Abu Dhabi, Maskat da Kuwait. Masu zaman kansu ne, da Turanci ake karatu a cikinsu, ɗalibansu 'ya'yan baƙin ma'aikata ne da 'ya'yan 'yan ƙasa masu hali. Manhajarsu ta Ingila ce, ko ta Amurka, ko ta Indiya, ko tsarin IB.

Da farko, san darasin da ake nema

Da yawa a cikinmu suna zaton Larabci ne jarinsu. Wanda ya yi SAS ko Kwalejin Aminu Kano ta Shari'a yakan ga kamar an gama. Abin ba haka yake ba. A 2021 Saudiyya ta yanke cewa 'yan ƙasa ne za a riƙa ba wa darussan Larabci da addinin Musulunci da zamantakewa a makarantun ƙasa da ƙasa. A sauran ƙasashen kuwa Misirawa da 'yan Jodan da Siriya da Sudan sun cika gurbin. Larabcinka zai amfane ka a kasuwa, a masallaci, da wajen zama da iyayen yara, amma da wuya ya samo maka aji.

Turanci ma akwai shinge. Tallace-tallace da yawa suna neman wanda Turanci ne harshensa na haihuwa, abin nufi mai fasfon Ingila, Amurka, Kanada, Ostireliya da makamantansu. Rashin adalci ne, amma haka kasuwar take. Ƙofar da ta fi buɗe wa ɗan Najeriya ita ce lissafi, fiziks, kemistiri, bayoloji da kwamfuta, domin ƙwararru a waɗannan sun yi ƙaranci a ko'ina. Malamai mata kuma suna da wuri a ajin ƙananan yara da ɓangaren 'yan mata.

Na biyu, kammala shaidar karatu

NCE kaɗai ba za ta fitar da kai ba. Digiri ake nema, kuma a darasin da za ka koyar. Wanda ya karanci tattalin arziki amma ya shekara goma yana koyar da lissafi saboda ƙarancin malamai a makarantarsu, hukumomin ilimi na can takardar za su duba. In kana da digirin kimiyya ba tare da horon malanta ba, ƙara da PGDE. Jami'ar Bayero tana yi, ga ta nan a kan titin Gwarzo, duk motar da ta taso daga wajenmu zuwa Kabuga ta gabanta take wucewa. Ka fifita karatun da ake zama a aji, domin Qatar da Saudiyya suna da tsauri a kan digirin da aka yi daga nesa.

Sai rajista da TRCN, hukumar da aka kafa a 1993 don yi wa malamai rajista. Zauna jarrabawarta, karɓi satifiket da lasisi, ka kuma riƙa sabunta lasisin. Makarantun tsarin Ingila sun fi son mai QTS, wato shaidar cancantar koyarwa ta Ingila. Akwai iQTS da ake yi ba tare da an je Ingila ba, akwai kuma PGCEi irin ta Jami'ar Nottingham, wadda ita ba ta bayar da QTS amma tana ƙara wa takarda nauyi. Da tsada, da kuɗin waje ake biya, saboda haka wasu sukan bari sai sun samu aikin farko sannan su yi.

Na uku, daidaita sunanka

Nan ne mutanenmu suka fi tuntuɓe, shi ya sa zan daɗe a kai. Tun a firamare hedimasta yakan rubuta wa yaro sunan garinsu a matsayin sunan ƙarshe: wane Gammo, wane Kabo, wane Gwarzo, wane Getso. A WAEC sunan garin yana nan. A digiri ya koma harafi ɗaya. A NIN babu shi, an sa sunan kaka. Muhammad a nan, Mohammed a can, Muhammadu a takardar haihuwa. Ranar haihuwa kuma an taɓa rage ta lokacin neman aiki. A gida wannan ba ya hana komai, kowa ya san kai ne. Ma'aikacin da ke Doha ko Abu Dhabi bai san ka ba, kuma harafi ɗaya ya isa ya mayar da fayil ɗinka.

Baje takardunka duka a kan tabarma, ka karanta su harafi bayan harafi. Zaɓi sunan da ke kan digiri a matsayin tushe, domin shi ya fi wuyar sauyawa. Gyara NIN ta dace da shi kafin ka nemi fasfo, tunda yanzu daga NIN ake ɗaukar bayanan fasfo. Inda bambanci ya ƙi gyaruwa, yi rantsuwar kotu da sanarwa a jarida, ka ajiye asalinsu. A wannan lokacin ne kuma za ka nemi takardar sakamakon darussanka dalla-dalla daga jami'a, domin fitar da ita kan ɗauki watanni.

Na huɗu, koyi aikin irin nasu

Yawancin makarantun kirki suna son shekara biyu ta gogewa bayan horo, kuma sun fi son wanda ya taɓa koyar da manhajarsu. Wanda ya saba da WAEC da NECO zai ga IGCSE da A Level na Cambridge ba baƙi ba ne wajen abin da ake koyarwa. Bambancin yana wajen yadda ake tambaya da yadda ake ba da maki. Manhajojin suna nan kyauta a shafin Cambridge tare da samfurin tambayoyi. Sauke su, amsa su da kanka, ka duba amsarka da tsarin makinsu. In da hali, nemi aiki na shekara biyu a makarantar kuɗi mai wannan tsari a Kano, Kaduna ko Abuja. Wannan matakin shi ne ya fi zafi ga mai iyali, amma shi ne ke raba wanda ake kira ganawa da wanda ba a amsa masa.

Akwai abubuwan da dole hannunka ya saba da su. Gwaji a ɗakin kimiyya na gaske, ba zanensa a allo ba. Tsara darasi ɗaya da zai ɗauki mai saurin ganewa da mai jinkiri. Rubuta wa iyaye rahoto ta imel. Sannan bulala: a can dukan ɗalibi laifi ne da ke kai wa ga kora, wani lokaci har gaban 'yan sanda. Ko tsawa mai muzanta yaro tana iya jawo ƙorafi. Fara riƙe aji ba tare da dorina ba tun a Gammo. Wanda ya iya riƙe yara tamanin da murya da tsari kawai, aji mai ashirin da biyar ba zai ba shi tsoro ba, kuma wannan abin faɗa ne a wajen ganawa.

Jarrabawar Turanci ta IELTS kuma a bar ta sai an kusa neman aiki, domin shekara biyu sakamakonta yake yi. Ƙololuwar makinta tara ne, ka sa bakwai a gaba. British Council tana shirya ta a Kano.

Na biyar, nema

Shekarar karatu a can galibi tana farawa ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, amma ɗaukar malamai ya fi kankama daga Oktoba zuwa Maris. Duba tallan ayyuka a TES, Schrole, Teach Away da LinkedIn, da shafukan manyan kamfanonin makarantu irin su GEMS da Taaleem. A Dubai hukumar KHDA tana wallafa rahoton binciken makarantu, a Abu Dhabi kuma ADEK. Karanta rahoton makaranta kafin ka aika mata takarda.

CV kada ta wuce shafi biyu. Cire ƙaramar hukuma da ƙabila da jerin sunayen firamare. Sa darussan da ka koyar, shekarun yaran, da sakamakon ɗalibanka na gaskiya. Masu ba da shaida a kanka su zama shugabannin da ka yi aiki a ƙarƙashinsu, shugaban makarantarka na yanzu a farko, masu imel da suke buɗewa. Je ka gaishe su ka sanar da su, don kada saƙo ya zo ya kwana wata guda ba a gani ba.

Ganawa ta bidiyo ake yi. Kada ka dogara da sabis ɗin ƙauye a ranar. Shiga Gwarzo ko Kano, sami ɗaki mai haske da shiru, gwada intanet tun jajibiri, ka tuna Saudiyya da Qatar suna gabanmu da awa biyu, Dubai da awa uku. Za a tambaye ka abin da za ka yi in yaro ya gaya maka ana cutar da shi a gida. Amsar ita ce ka saurara, kada ka yi alƙawarin ɓoyewa, ka rubuta abin da ya faɗa, ka kai wa jami'in kare yara na makarantar a ranar.

Na shida, karanta kwantiragi da idon basira

Ba a cire harajin albashi a Saudiyya, Qatar da Daular Larabawa (inda Dubai da Abu Dhabi suke), kuma kuɗinsu a ɗaure suke da dala: dala ɗaya riyal 3.75 ce na Saudiyya, riyal 3.64 na Qatar, dirhami 3.67 na Daular Larabawa. Kada lissafin naira ya ruɗe ka, hayar gida a Dubai ko Doha tana iya cinye rabin albashi. Tambayi gida ko kuɗin gida, inshorar lafiya, tikitin zuwa gida duk shekara, albashin dogon hutu, da gurbin karatun 'ya'yanka. Dubi kuma yadda aka raba albashin, domin a Daular Larabawa a kan tushen albashi ake lissafa garatuti, kwana 21 a kowace shekara cikin biyar na farko. Makarantar da ta ƙanƙanta tushe ta kumbura alawus ta rage maka kuɗin sallama tun ba ka fara ba. Ka sani kuma wasu makarantun suna biyan ɗan Afirka ƙasa da Bature a kan aiki ɗaya. Nemi malamin da ke aiki a wurin ka tambaye shi kafin ka sa hannu.

A Saudiyya kwantiragin da aka yi wa rajista a shafin Qiwa na gwamnati shi ne abin dogaro, a Daular Larabawa kuma takardar tayin aiki ta hukuma. Dokokin ƙasashen biyu sun ɗora kuɗin ɗaukar ma'aikaci da izinin aikinsa a kan mai ɗaukar aiki. Saboda haka duk wanda ya ce ka sayar da gona ko shanun huɗa ka biya kuɗin biza, rabu da shi. Ejan na halal yana da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ka ce ya nuna maka. In ka ga alamar safarar mutane, NAPTIP tana da ofis a Kano. Haka nan bizar Umara ko ta ziyara ba ta halatta aiki. Labarin 'yan'uwanmu Takari da suka zauna ba igama, wato katin zama, suna ɓuya har aka kai su tarhil don a koro su, ba baƙo ba ne a kowane gari na ƙasar Kano, kuma babu makarantar kirki da za ta ɗauki malami a haka.

Na bakwai, hatimi da gwajin lafiya

Bayan an ba ka aiki, digiri da shaidar malanta za su bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja, sai Ma'aikatar Harkokin Waje, sai ofishin jakadancin ƙasar da za ka. Kowanne da hatiminsa, kuma ba a tsallake ɗaya. Takardar shaidar hali ta 'yan sanda ana neman ta ta shafin POSSAP. Za a yi maka gwajin tarin fuka da ƙanjamau, a wasu ƙasashe da ayyuka har da ciwon hanta. Ciwon hanta nau'in B ya yawaita a Arewa, mutum yakan ɗauke shi shekaru bai sani ba, don haka yi gwajin da kanka tun a mataki na farko kafin ka kashe kuɗi. Duba kuma halin da biza take ciki a lokacin, domin Daular Larabawa ta taɓa rufe wa 'yan Najeriya ƙofa daga 2022 zuwa 2024.

Na takwas, fita ta ƙofa

In ma'aikacin gwamnati ne kai, kada ka ɓace ka bar wani yana karɓar albashinka. Rubuta ta hannun shugaban makaranta zuwa Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma da SUBEB, ko hukumar manyan sakandare, ka nemi hutu ba albashi ko ka ajiye aiki bisa ƙa'ida. Ka bari zango ya ƙare, musamman in kai kaɗai ne malamin lissafi a makarantar, ka kuma miƙa wa wanda zai gaje ka inda ka tsaya.

Iyali su biyo baya bayan ka wuce watannin gwaji, waɗanda kan kai shida. A Daular Larabawa sai albashi ya kai dirhami 4,000, ko 3,000 tare da gida, kafin mutum ya ɗauki nauyin zaman iyalinsa, kuma takardar aure da ta haihuwar yara ma suna bukatar hatimi. Tafi da guzurin wata ɗaya zuwa biyu, domin asusun banki ba ya buɗuwa sai katin zama ya fito. Fasfonka a hannunka zai zauna, doka ta hana mai aiki riƙe shi. Ɗauki hoton kowace takarda ka bar kwafi a gida wajen wanda ka amince da shi, ka kuma ajiye lambar ofishin jakadancin Najeriya na Riyad, Jidda, Doha, Abu Dhabi ko Dubai a wayarka kafin jirgi ya tashi daga Kano.